Nomau da Idanuna

Gidanmu a Tudun Gaude mu uku ne: ni Haule, da maigidana Malam Yusha'u, Allah ya jiƙansa, da ƙaninsa Nomau. Allah bai ba mu haihuwa ba. Nomau ya haura arba'in, ƙato ne, ga gemu, in ya sa babbar riga ya yi shiru sai ka ɗauka alƙali ne. Amma abin da aka ce masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Yayansa ya taɓa ce masa ya riƙa ba yabanyar tumatir ruwa kullum da safe. Ranar da aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, muka hango shi a lambu, lema a hannu guda, bokiti a ɗayan.

Ni kuwa ɗinkin hula nake yi, ba ni da wata sana'a. Tun ina yarinya ba na gani sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba, kuma kowace shekara zaren sai ƙara ɓace mini yake yi.

Wata rana Malam ya dawo da labarin cewa a birni ana gyaran ido da wani haske da ake kira leza, mutum ya jefar da tabarau. Ya sayar da bijiminsa, muka tafi ran Litinin, mu uku. Aikin bai kai a dafa shayi ba. Aka kwantar da ni, aka ɗiga magani, aka ce in kalli wani ɗan haske kada in motsa. Na ji ƙauri kamar gashi ya ƙone, aka ce in tashi. Malam ya tafi karɓo magani, sai likitar, wata mace mai saurin magana, ta ga Nomau da gemu ta zaci shi ne mijina. Ta zayyana masa dokoki tun daga farko har ƙarshe. Da Malam ya dawo ya ce, "Ka ji abin da ta ce?"

"Na ji, Yaya."

"To ka riƙe. Kada ka saki ko ɗaya."

A mota ina ganin Malam dishi-dishi, kamar ta cikin ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Bari dai gobe, ki ga irin munin da kika aura." Da asuba ya bi motar albasa zuwa kasuwa. Motar ta kife a gada. Kafin la'asar an rufe shi. Idon ya washe, shi kuma ban gan shi tar ba ko sau ɗaya.

Kwanakin makokin sun cakuɗe mini, ba zan iya jera su ba, sai dai in ce wata rana.

Wata rana ɗakina cike da mata, ana ta koke-koke, sai ga Nomau ya kutsa ya durƙusa a gabana. Ya ƙura mini ido ya ce, "Matar Yaya, daina. Likita ta ce kada ruwa ya shiga."

Goggo Yalwa, ƙanwar mahaifinsu, ta ce, "Kai shashasha, fita yake yi ba shiga ba."

"Kafin ya fita ai a ciki yake, Goggo."

Ya juya ga matan ya ce duk mai kuka ta fita waje, su ne ke tayar mini da nawa. Wata ta jefe shi da mafici. Ya ɗauka, ya zauna yana fifita mini fuska wai don ta bushe. Shi kansa hawaye na gangara cikin gemunsa. Na ce to kai fa? Ya ce shi ba a yi masa leza ba.

Wata rana, ranar sadakar uku, an ɗora manyan tukwane a tsakar gida, shinkafa ta fara tafasa. Likita ta ce ban da hayaƙi. Nomau ya ɗebo ruwa a rijiya ya bi murhu ɗaya bayan ɗaya ya kwara. Hayaƙin da ya tashi ya ninka na farko sau goma, har toka ta shiga miya. Goggo Yalwa ta bi shi da muciya, yana gudu yana cewa, "Ai wutar ta mutu yanzu!" Baƙi suka ci shinkafa mai tsakuwa-tsakuwa. Na ji wata a bayan ƙofa tana cewa, "Mutum ya mutu a kan idon mace, ko sadakarsa ba a bari ta dahu ba." Ina zaune na ji, ba wadda ta ce mata ta yi shiru.

Wata rana da azahar barci ya ɗauke ni a kan tabarma. Na farka na ji hannuwana a ɗaure da ɗankwali, an zarge su a ƙafar gado. Nomau na bakin ƙofa yana gadi. Likita ta ce kada kowa ya taɓa idon, har mai idon, kuma ya ga hannuna yana tafiya can cikin barci. Na yi ihu. Mata suka kwance ni, maza suka ja shi zaure. Kawu Mudi, babban dangin Malam, ya zabga masa mari, ya hana shi shiga cikin gida. Daga nan ya leƙo ya ce in cire baƙin tabaran da aka ba ni a asibiti, mai takaba ba ta ado. Na ce magani ne. Ya ce, "Maganin da ya ci mana Yusha'u?" Na cire. Da babu mai ɗaure ni, na yi kukana na murza idona yadda na ga dama. Na hagu ya yi ja, ya fara suka kamar an zuba yashi, zaren hula ya koma biyu. Goggo ta duba ta ce kuka ne, kowace mai takaba haka idonta yake, zai wuce. Ni ma haka na yarda. Duk gidan masu hankali ne.

Wata rana, wannan na san ta, Litinin ce, addu'ar bakwai. Malamai sun cika ƙofar gida, an fara. Sai muryar Nomau ta ratsa: "Kawu, likita ta ce Litinin ƙarfe goma a mayar da ita, ko ana ruwa ko ana rana."

Kawu Mudi ya ce, "Zauna. Mai takaba ba ta fita."

"Ba ta ce ban da takaba ba."

"Na ce zauna!"

Ya zauna, don an ce ya zauna. Da gindinsa ya taɓa ƙasa ya miƙe, ya shigo har ɗakina. Na ce, "Nomau, ka rufa mini asiri, ba inda zan je." Ya ce, "Yaya ya ce kada in saki ko ɗaya." Ya sunkuce ni ya saɓa a kafaɗa kamar buhun albasa. Ya ratsa mata, ya ratsa zaure, ya tsallake malamai, takalmina ɗaya ya faɗa cikin tiren goro. Ina dukan bayansa ina tsine masa. Addu'a ta watse. Mutum uku suka riƙe shi, ya ja su har bakin titi kamar awaki. Direban motar haya ya ce, "Malam, sato ta ka yi?" Nomau ya ce, "A'a, ƙarfe goma ne."

Ban yi masa magana ba har birni. Likitar ta ɗora haɓata a kan na'ura, ta haska. Ta ce, "Wa ya murza idon nan?" Ta yi mini bayani cewa wata 'yar fata ce siririya suke ɗagawa su yi aikin su mayar, ni kuma na gusar da ita, har ciwo ya fara shiga ƙarƙashi. Nan take ta wanke, ta gyara, ta ba da sabon magani, ɗigo ɗaya duk bayan awa biyu. Ta ce da an ƙara kwana biyu, da wannan idon ba zai sake ganin ramin allura ba. Ta dubi Nomau ta ce, "Malam, ka kyauta." Ya ce, "Mun makara da minti shida."

Da muka koma ba wanda ya tambayi abin da aka ce a asibiti. Liman ya ce fita don magani ba laifi ba ce, amma a hankali ya faɗa, bayan kowa ya watse. Har yau a Tudun Gaude ni ce wadda aka ɗauke a kafaɗa ranar bakwai ɗin mijinta. Kawu Mudi ya tara dangi ya ce wa Nomau, "Kada ƙafarka ta ƙara taka gidan nan." Aka watso masa kayansa waje.

Bai ƙara takawa ba. Ya shimfiɗa buhu a bayan katangata, daidai tagar ɗakina, da wani tsohon agogon Malam a hannu. Ina miƙa masa tuwo ta saman katanga, Goggo tana harara ina ganinta sarai, har tsinin hararar. Idon ya warke, na koma ɗinki, maganin ma ya ƙare tun watan jiya. Na gaya masa ya fi sau goma. Ya ce likita ba ta ce a daina ba.

Yanzu ma ina riƙe da allura, ga shi can yana buga katanga.

"Matar Yaya! Ɗigo!"