Rasuwar 'Yar Teku a Hannun Yahuza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yanzu bai huce ba, ni Abdulbaqi Sabo, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa da ya yi ritaya ya dawo gida Birnin Kudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin gilashinmu na kifayen ruwan gishiri, wanda duk unguwa ta sani da suna 'Yar Teku. Ta rasu ranar Alhamis bayan la'asar, a tsakiyar falonmu, bayan gajeriyar jinya. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma ɗauke wuta ba. Ƙanin matata ne, Yahuza, mai kiwon tarwaɗa a Gwaram. Na faɗi sunansa tun a nan don kada wani ya zo gaisuwa yana tambayata me ya faru.

An haɗa marigayiyar a Legas, lokacin da nake aiki can. Da na tashi dawowa, na bar kujeru da firiji, amma ita na naɗe ta da katifa, na zauna kusa da ita a bayan mota har gida. Mutane sun yi dariya. Suka ce wa ya taɓa ganin teku a garin da ko rijiya sai an fasa dutse? Ta zauna, ta rayu, ta kunyata su.

Ta kasance mai haƙuri, mai tsabta, marar hayaniya. Ba ta taɓa ɗaga murya ta wuce "mmm" na famfonta da "ɓul-ɓul" na kumfar iska ba. Ba ta son komai sai abu kaɗan, amma a kan ƙa'ida: ruwa tatacce, gishirin teku na musamman wanda ake aunawa, da iska ba yankewa. Yaran makarantar Islamiyya na layinmu a gabanta suka fara ganin kifi shuɗi. Wani malaminsu ya taɓa tsayawa yana kallonta har ya manta takalminsa a ƙofa.

Amma babban alherinta ga matata ne, Safiyatu. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya tafi da hannunta na dama da yawancin maganarta. Ta dawo daga asibiti ba ta son ganin kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Muka ajiye kujerarta gaban gilashin. Akwai wani kifi rawaya da muke kira Gwaiduwa, shi ne yake zuwa daidai fuskarta ya tsaya yana kaɗa jela. Wata safiya na ji ta ce masa, "Zo." Kalmar farko ke nan da na ji daga bakinta tun da ta kwanta. Daga ranar, sai an ba kifi abinci take yarda ta ci nata. Duk wanda yake ganin kukan gilashi nake yi, ya sake karanta wannan wurin.

Ga yadda jinyar ta faro. Don in ƙara wa Safiyatu abin kallo, na sa aka aiko mini da dutse mai rai daga Legas. Wannan dutsen murjani ne da ake ɗebowa daga teku, duk jikinsa ramuka, cike da ƙananan halittu masu tace ruwa. Sai dai kafin ya iso nan cikin zafin mota, da yawansu sun mutu a cikin ramukan. Saboda haka ba a taɓa saka shi kai tsaye wurin kifi. Baho dabam ake ba shi da ruwan gishiri da famfo, a riƙa goge shi, a riƙa sauya ruwan, har wari ya ɗauke. Sannan a ɗebi ruwan a 'yar kwalba a ɗiga masa maganin gwaji: in ruwan ya tsaya rawaya, lafiya, in ya koma kore, akwai gubar ruɓa, wadda ke ƙona wurin da kifi ke numfashi da shi. Nawa dutsen yana bayan ɗaki cikin baho, gwajinsa kore shar kamar miyar kuka.

A makon ne aka ba mu ranar ganin likita a Kano, kuma dole mu kwana biyu saboda gashin da za a yi wa hannun Safiyatu. Yahuza ya zo duba yayarsa, ya ce mu tafi, shi zai tsare gida. Na kai shi gaban bahon da kaina. Na ce, "Yahuza, wannan dutsen kada ka taɓa shi. Kifi kuma ga abincinsu, ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka."

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Yaya, ni za a koya wa kifi? Kifi ai kifi ne."

Kifi ai kifi ne! Jama'a ku riƙe wannan magana, ita ce takardar mutuwar marigayiya.

Muna fita, ya dubi dutsen ya ga bai dace abu mai kyau haka ya zauna a baho kamar wanki ba. Ya kwashe shi duka ya jera a cikin gilashin, wai don yayarsa ta dawo ta ga mamaki. Kashegari ruwa ya yi fari kamar ƙullun koko, kifaye suka taso sama suna haki. Likita Yahuza ya duba, ya yanke cewa yunwa ce. Ya buɗe jakarsa ya watsa musu abincin tarwaɗa cike da hannu. Da abin ya ƙi, ya ɗebo ruwan rijiya ya ƙara, ya bi shi da gishirin miya daga kicin, tun da ya ji an ce ruwan gishiri suke so. Sannan wayarsa ta mutu, ya duba duk falon bai ga inda zai sa caji ba sai inda famfon iska yake. Ya zare shi. Wayar da bai iya kirana da ita ba, ita ya ceta.

Da muka dawo ranar Alhamis, tun daga zaure na ji warin, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a cikin kwata. Abin da ya fi warin tayar mini da hankali shirun ne: babu "mmm", babu "ɓul-ɓul". Na bar Safiyatu a hannun 'yarmu Lailatu na ruga ciki. Mai Ɗamara da matarsa, kifaye biyu masu ruwan lemo da ba su taɓa rabuwa ba, suna kwance a ƙasa. Shuɗin ya juya ciki sama. Gwaiduwa ne kaɗai yake motsi, yana jingine da gilashi.

Allah ya sani mun yi iya yinmu. Na mayar da famfo. Na sa sabon gawayi a cikin abin tace ruwa. Ina da ruwan gishiri da na haɗa na ajiye a jarka, muka shiga zuƙe ruɓaɓɓen muna zuba mai kyau a hankali, Lailatu na riƙe da tiyo tana kuka. Gwajin ya fara sauka daga kore. Gwaiduwa ya ɗan miƙe. Saura a fitar da duwatsun, tushen cutar. Na ce kowa ya matsa, ni zan yi. Ina juyawa in ɗauko bokiti, Yahuza, da yake neman wanke laifinsa, ya tsoma hannu ya cicciɓi mafi girma. Dutsen da santsi. Sautin ƙarshe da marigayiya ta yi a duniya shi ne "ƙas!" Gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa, teku ta malale a kan darduma, ta bi ta ƙarƙashin kujerar Safiyatu. Na tsinci Gwaiduwa a gindin ƙafarta na jefa shi a jarka, amma kafin magariba ya bi sauran.

Marigayiya ta rasu ta bar famfo ɗaya da ke aiki amma ba shi da wanda zai hura wa, da batirin sola, da rabin buhun gishirin teku, da wata ƙaramar ƙaguwa da ta zo a ɓoye cikin dutsen, wadda duk wannan bala'i bai ko sa ta tari ba. Tana cikin bokiti yanzu, tana harara.

Muna roƙon masu zuwa gaisuwa su kiyaye harshensu. Kada a ce mana, "Ai ba mutum ba ne." Mun sani. Kada a tambaye mu ko an soya su. Wanda ya riga ya yi wannan tambayar a masallaci ya san kansa. Kada kuma kowa ya kawo mana tarwaɗa a matsayin maye gurbi.

Na yi niyyar rubuta a nan cewa Yahuza kada ya ƙara taka ƙofar gidana. Na faɗa da ƙarfi a tsakar gida, yana tsugune gefen randa, wandonsa jiƙe, ya kasa ɗaga kai. Sai na ji an ja mini riga. Safiyatu ce, da hannunta na hagu. Ta daɗe tana kokawa da bakinta, sannan ta ce, "Malam, ƙanina ne. Don ni ya yi. Ka bar shi."

Tun da ta kwanta nake addu'ar in ji ta haɗa magana mai tsawo haka. Likitoci sun yi nasu, ni na yi nawa, ba mu samu ba. Ga shi ta samu, kuma a kan ceton wanda ya kashe mana teku ta yi amfani da ita. Na rasa ko in yi sujada ko in fasa randar. Sujadar na yi. Amma fushin yana nan, kada wani ya ɗauka ya tafi.

Game da jana'iza: mun tuntuɓi limamin unguwa kan batun salla, ya ce mu ji tsoron Allah, don haka ba za a yi ba. Za a binne kifayen tare da fasassun gilasan gobe Asabar da rana tsaka, a bayan gida, a wurin nan da diga take tsalle in ta sari ƙasa. Maza za su zauna a inuwar zaure, mata a ɗakin Safiyatu, za a raba kunun tsamiya. Yahuza an yafe masa, bisa umarnin yayarsa, kuma ana gayyatarsa da ya iso da wuri. Shi zai haƙa kabarin, shi kaɗai, ni kuma zan zauna a kujera in gaya masa in zurfin ya isa.