Ranar da Aka Koma Ɗauko Baba Sufana

"...lafiya lau, sai dai kewar miji. Kai ne da kanka, ko kunnuwan ne suka riga ka isowa kamar kullum?"

"Ni ne, tsohuwa. Kunnuwan na baro su a bakin ƙofa, ɗakin naki ba zai ɗauke mu mu uku ba."

"To shigo. Me ka riƙo wa matarka?"

"Sammaci."

Mai Kunne ya tuɓe takalmi, ya sami gefen gado ya zauna da jakar kwamfuta a cinya. Kakarsa ce ta raɗa masa sunan tun yana rarrafe. Ga shi yau mai gyaran firji ne, da shagonsa da 'yarsa, amma sunan ya ƙi sakin sa. Ɗakin yana nan yadda ya san shi. Keken ɗinkin kakansa, marigayi Tela, na lulluɓe a kusurwa. Tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya tana kan teburinta, ta koma wurin ajiye magunguna. Ta taga ana hango gorar eriya jingine da bango, tsakiyarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo. Idon Kaka ne kawai ya canza. Yanar ido ta rufe shi, yanzu haske da duhu kaɗai take rarrabewa.

A ɗakin nan ne, shekarun baya, ake kallon wani shirin 'yan sama jannati kowace Asabar da yamma. Da wani yare suke magana wanda ba mai ji a gidan, don haka Kaka ta sa wa shirin suna Masu Jirgi, ta kuma bi mutanen ciki ta raɗa wa kowa nasa: Kyaftin Gashin Baki, da mutum-mutumin nan Langa, da tsohon makanikin jirgin, Baba Sufana. Ita kuwa eriyar gidan halin mutane gare ta, ba ta aiki sai an riƙe ta. Tela ne mai riƙo. Kullum sai ya ce shi ba ya kallon shirme, amma bai taɓa fashi ba. Zai tsaya a waje yana murza gorar yana tambaya, "Ya yi?" har sai Kaka ta amsa daga ciki. Daga nan ba motsi. Jikansa, wanda ba ya rabuwa da shi, na zaune a gindin ƙafarsa, Kaka kuma na ba su labarin abin da ke faruwa ta taga. Da kunne su biyun suka kalli shirin nan kaf.

Kwanan baya Mai Kunne ya je wurin mai tura fina-finai aka zuba masa shirin duka a kwamfuta, domin ya yi wa 'yarsa alkawarin nuna mata kashin da ya fi so a duniya, ranar da aka koma ɗauko Baba Sufana. Ya bi shirin daga farko har ƙarshe, bai ga inda aka koma ba. Abin ya tsaya masa a rai fiye da yadda ya zata, don cikin duk ranakun da ya yi da kakansa babu wadda yake riƙe da ita kamar wannan. Ya zo ne ya ji daga bakin mai labarin.

"Sammacin me?" in ji Kaka. "Ni da ko ƙofar gida ban leƙawa."

"Na zambar labari. Na samo Masu Jirgi, tsohuwa. Duka."

Kaka ta gyara zama, fuskarta ta washe kamar an ce mata ga baƙon da ta daɗe tana jira.

"Kai don Allah. Da Langa da kowa?"

"Da kowa. Har da rubutu a ƙasa mai faɗin abin da suke cewa. Asirinki ya tonu."

"Rubutu. Wa ya rubuta? Yana wurin aka yi abin? Ni ina wurin."

"Kina kan wannan gadon."

"Gadon ya fi shagonka kusa da jirgin. Ka ga na duniyar nan da ruwan sama ke fitowa daga ƙasa ya yi sama?"

"Na gani. A nan kam kin faɗi gaskiya, na yi mamaki."

"Suna tafiya da lema a kife a ƙarƙashin ƙafa. Kakanka ya yi dariya har ya saki gorar, muka yi asarar rabin shirin."

"Babu lema ko ɗaya, Kaka. Lemar taki ce."

"Mai turin ne ya cire ta. Wurin mai araha ka je, na san halinka. Mutumin da ya auri mace ya kasa saya mata ko zoben roba."

"Ai ni aka cuta a auren nan. An ce mini yarinya ce, na zo na tarar da tarihi."

"Tarihin ne ya goya ka, ka saka masa da fitsari a baya. To na Langa fa, da ya kamu da son firjin jirgin?"

"Gyara shi yake yi. Gas ne ya ƙare. Sana'ata ce, na san abin da na gani."

"Gyara? Yana shafa shi yana kuka? Kai ma haka kake yi wa firjin mutane? Shi ya sa ba a ganin ka sai an yi cigiya."

"Ba kuka ba ne. Mai ne ke yoyo daga idonsa."

"Kowa da irin hawayensa. Kuma ka gode wa Langa, shi ya sa maka son firji. Ba don shi ba, da yanzu kana kan rufin mutane kana kamo musu tashoshi da kunne."

"Da na yi arziki. Da na saki tsohuwa na huta."

"Sake ni ka gani. Likitan idon nan kullum sai ya riƙe mini haɓa yana kallo na. Na duniyar da mutum ke magana sau ɗaya a shekara fa, yana ciki?"

"Yana ciki. Na tuna kin ce Kyaftin ya yi alkawari zai biyo ya ɗauke ni ya kai ni can."

"Har yau ina jiran sa. Mutumin nan ba shi da alkawari."

"Da ke ya kai, da kin fashe kafin a sauke kaya."

Kaka ta yi dariya har ta sarƙe. Ya tashi ya zuba mata ruwa, ya riƙe mata kofin har ta sha. Da ya koma ya zauna, sai ya ji wasan ya fita daga bakinsa.

"Saura na Baba Sufana."

Kaka ta lalubo carbinta a gefen matashi. "Me ya same shi?"

"Ke za ki gaya mini. Ranar ana yayyafi da iska mai sanyi. Kakana ya ƙi shigowa, ya lulluɓe ni da gefen rigarsa, hannu ɗaya a kan gora. Kika ce eriyar jirgi ta karye, Baba Sufana ya fita waje ya riƙe ta da hannu don na ciki su ji kiran gida. Kika ce igiyarsa ta tsinke, jirgi ya wuce ya bar shi."

"Haka aka yi."

"Har nan haka aka yi. Sai kakana ya ce, 'To, haka ake yi wa mai riƙon sanda.' Nan take kika ce Kyaftin ya juya jirgi."

"Ya juya."

"Bai juya ba, Kaka. Na maimaita wurin har na gaji. Jeruwa suka yi a taga suka sara masa, aka sa kiɗa mai sanyi, shi ke nan. Bai sake fitowa a shirin ba."

"Ya fito mana. Ba kullum nake ba ku labarinsa ba?"

"Ke kika riƙa fito da shi har shirin ya ƙare. Har aure kika yi masa."

"Ya cancanta."

"Ni fa na yi wa yarinya alkawari. Me zan nuna mata?"

"Jabu aka sayar maka, kake neman ɗora wa matarka. Kunna in gani."

"Ki gani?"

"Ido ya tafi, amma ai ga ka. Shekara da shekaru ina yi muku aikin nan ko sannu babu. Yau kai ne mai bakin taga. Kunna."

Ya ɗora kwamfutar a kan keken ɗinki, ya nemo kashin ya kunna. Da kiɗan farko ya tashi, Kaka ta kama bin sa da hanci, tana buga gwiwa, ba ta kuskure ko wuri ɗaya ba. Shi kuma ya fara aikin da bai taɓa yi ba.

"Suna cikin tafiya. Wani dutse ya bugi eriya."

"Na ji ƙarar. Ba kurma ka aura ba."

"Baba Sufana yana sa hularsa ta gilashi. Ya buɗe ƙofa. Ya fita."

"Da hagu zai riƙe, kamar kakanka."

Mai Kunne ya duba. Da hagun kuwa ya riƙe.

"Na ciki sun fara jin kiran gida. Suna murna, suna rungumar juna. Ba wanda ya waiwayi taga." Ya matso kusa da allon. "Igiya ta tsinke. Yana ta yin nisa. Ya koma kamar ƙwayar shinkafa."

Sai kiɗan nan mai sanyi ya shigo. A allo, mutanen jirgin suka jeru, Kyaftin ya ɗaga hannu zuwa goshi.

"Ina jin ka," in ji Kaka. "Me suke yi?"

Ya juyo zai ba ta amsar da ya taho da ita daga gida, sai ya ga ba allon ta fuskanta ba. Taga ta juya wa fuska, wajen da gorar take, kuma yatsunta sun tsaya a kan carbi. Nan ya gane cewa ta fi shi sanin kiɗan nan. Matar da ta tuna hannun da aka riƙe eriya da shi ba ta manta abin da ya biyo baya ba. Ita kaɗai ta ga wannan wurin a ranar, mijinta na tsaye cikin yayyafi a bayan taga ya faɗi abin da ya faɗa, kuma kafin ya sauke numfashi ta gina masa wani ƙarshen. Haushin da ya taho da shi ya narke, kunya da kewa suka maye wurinsa.

"Kyaftin ya sauke hannu," in ji shi. "Ya ture mai tuƙi gefe. Ya kama sitiyari."

"Da kansa?"

"Da kansa. Yana juya jirgin, kowa na faɗuwa."

"Langa fa?"

"Ya rungume firji."

"Ban gaya maka ba?"

"Sun iso wurinsa. Kyaftin ya miƙa hannu ya jawo shi ciki. Sun zaunar da shi a kujerar Kyaftin, sun lulluɓa masa bargo. Ga Kyaftin can ya sa hular gilashi ya fita. Shi ya riƙe eriyar."

A allo kuwa sunayen masu shirin ne ke ta hawa sama.

"Shayin fa?" in ji Kaka.

"Wane shayi?"

"Ka gani ko? Na ce maka mai turin nan ɓarawo ne, ya yanke shayin. An kawo masa shayi mai zafi a kofi mai mariƙi, an cika masa sukari."

Sai abin ya dawo masa gaba ɗaya, wanda bai san ya manta ba. A ranar, bayan ta gama ba su labarin, Kaka ta fito cikin yayyafin da kofi a hannu. Ta karɓi gorar daga hannun Tela, alhali shirin ya ƙare, ba abin da ya rage sai labaran duniya da ba mai kallo. Ta tsaya riƙe da ita, mayafinta na jiƙewa. Tela ya zauna a bakin ƙofa yana kurɓa a hankali yana murmushi, yana ɗan miƙa wa jikansa, kuma ba ta saki ba sai da ya shanye.

"Yana nan," in ji Mai Kunne. "Ga shi an kawo. Ni ne ban lura ba."

Kaka ta kwashe da dariya, tana goge ido da bakin mayafi.

"Ƙaryarka ɗanya ce, maigida, muryarka ma rawa take yi. Amma da alama za ta nuna. Jeka buɗe kabad ɗin can, ka duba sama ta hagu, bayan faranti."

Kofin yana nan, bakinsa ya ɗan ɓantare, an naɗe shi da ƙyallen da ya rage daga wani ɗinki.

"Ɗauki. Ka ce matarka ba ta taɓa ba ka komai ba."

Ya juya kofin a hannu. "Yarinyar fa? Cewa na yi za ta gani."

"Kawo ta ran Asabar. Ku tsaya a waje ku biyu, kai ka riƙe gorar. Ni zan kalla muku."

"Da wane idon?"

"Da wanda na kalla wa kakanka."

"Na sallama, tsohuwa," in ji shi yana dariya. "An janye sammaci."

"Dama wa zai saurari mai kunnuwa irin naka a kotu? Tashi ka ba ni wuri, kada likitana ya zo ya tarar da kai."

Ya sa kofin a jaka, ya sa takalminsa ya fita. Da ya zo wucewa ta bayan taga sai ya tsaya. Ya ɗora hannunsa na hagu a wurin da gorar ta yi baƙi, ya ɗan murza ta.

"Ya yi?"

"Ya yi," in ji Kaka daga ciki. "Kada ka motsa."