Ranar da Na Yi wa Allo Likkafani

Ƙanena Sani ɗan gasar tseren teku ne, a kan dogon allon da iska ke turawa, yau yana wannan ƙasa, gobe waccan. Ya bugo waya in kai allon da ya bari gidana tasha kafin motar Legas ta tashi. Ni gwanin tsari, na naɗe shi da farin zanen gado, mutum huɗu suka ɗauka a kafaɗa.

Kafin mu fita unguwarmu ta Tudun Wada jama'a sun biyo mu da salati. Wani Alhaji ya riƙe hannuna: "Malam, wa ya rasu?"

Ina cikin bayani mota ta tashi, kuma Sani ya ce wai ni ne mai laifi. Har yau mai shayin layinmu gaisuwarsa ɗaya ce: "Malam, ya ƙarin haƙuri?"