Matana Uku da Shanuna na Ɓaɓura

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka sa na karanta tarihina da bakina a zauren surukaina ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kazaure, sai zazzaɓin mallakar shafin intanet ya kama ni. Ba irin wanda kowa ke buɗewa a waya ba, a'a, nawa na kaina, mai ɗauke da sunana. Na gano akwai manhajojin da za ka zuba musu rubutunka a jaka ɗaya cikin kwamfuta, su mayar maka da shi shafuka shiryayyu, kai dai ɗorawa ce taka. Shi ke nan, na samu abin yi! Sati uku ina zaɓe kamar mai sayen ragon layya. Wannan tana da sauri amma sai ka yi gumi kafin ka gane kanta, waccan kyakkyawa ce amma tana sa tsohuwar kwamfutata haki, ta ukun kuwa ba ruwanta. Duk wanda ya zauna kusa da ni a ɗakin malamai sai ya sha lacca. (Malamin Larabci har kujera ya canza.)

To, ba a gwada manhaja da jaka wayam. Sai na rubuta wani shafin gwaji, na sa masa suna "Tarihina", na saki hannu ina ta sheƙa dariya. Da shi na gwada duka ukun. Da na tsayar da ta ukun, na rubuta shafin farko na gaskiya, na maƙala hotona da babbar riga, na ɗora. Abin da na manta shi ne, ita wannan baiwar Allah duk abin da ta tarar a jaka sai ta fito da shi duniya ta gani.

Don ɗoki ko dubawa ban yi ba, na tura wa Hauwa'u, wadda nake nema da aure a Gwiwa. Ita ma hoton kawai ta gani, daɗi ya kama ta, ta jefa a dandalin danginsu na waya. A ciki akwai Kawu Sale, wanda aka ɗora wa binciken halina kafin a sa rana. Irin mutanen nan ne masu karanta takardar magani har ƙarshe.

Da ya aiko in zo tare da wani babba daga gidanmu, har rawa na taka. Na goyo Baffa Idi, ƙanin mahaifina, a babur, ina ba shi labarin manhaja tun daga Kazaure har Gwiwa.

Bayan an gama gaisawa, dattawa biyar a kan tabarma, Kawu Sale ya gyara murya.

"Malam, mun tambayi limaminku, mun tambayi maƙwabta, kowa ya ce ba ka taɓa aure ba."

"Haka ne, Kawu."

"Madalla. Idona ya yi rauni, karanta mana wannan da ƙarfi."

Ya miƙo waya. Ina dubawa sai ga kalmar "Tarihina" ɓaro-ɓaro. Amma wa zai ce wa suruki a'a? Na fara karantawa:

"Ni ne Alhaji Dakta, mai mata uku da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ina da garken shanu a Ɓaɓura, da gonar gyaɗa a Roni wadda sai da babur ake zagaye ta. Ba na cin tuwon da ya kwana."

Sai Baffa Idi, wanda na kawo don ya kare ni, ya juyo ya ce, "Kai ɗan nan! Shanu gare ka, ka bar ni ina aron na huɗa duk damina?"

Na ce, "Kawu, gwaji ne, manhajar ce ta..."

"Manhajar ce ta aura maka su?"

Nan fa na ga Hauwa'u tana suɓuce mini a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma wallahi tsoro ya kama ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ni na rubuta, ƙarya ce tsagwaronta. Abin da na mallaka babur ɗin da ke waje ne da kwamfuta."

Kawu Sale ya karɓi wayarsa a hankali. "Na sani. Da ƙafata na je Ɓaɓura ranar kasuwa, ko akuya ba a san ka da ita ba. So nake in ga ko na'ura za ka ɗora wa laifin har ƙarshe." Sai ya kece da dariya, sauran suka taya shi, har da Baffa. Ranar aka sa mana rana. (Shafin kuwa sai da na koma Kazaure na iya goge shi, don kwamfutar na gida. Kafin nan duk Gwiwa an karanta.)

Yau in na je gaida surukai, tun daga bakin zaure ake tambayata, "Alhaji Dakta, ya shanu?" Hauwa'u kuwa duk safiyar da ta ɗumama tuwo sai ta durƙusa ta ce, "A yi haƙuri, sauran ukun ba su yi girki ba."

Ni dai na ɗauki darasi. In zan yi gwaji yanzu, "kaza kaza kaza" kawai nake rubutawa, kuma ɗumamena nake ci bakina alaikum.