Ƙwayar da ta hana ni durƙusa wa Mai Girma

Jama'a, Talatar da ta wuce na zama 'yar adawa ba da niyya ba, kuma ƙwayar magani ce ta ja mini.

Likita ya ce ƙasusuwana sun zama kamar karan gero da gara ta ci, ya rubuta mini wata ƙwaya, sau ɗaya a mako. Sharuɗɗanta sun fi na neman takarda a buro, wato ofishin gwamnati: a sha ta kafin a ci komai, a kora da ruwa moɗa guda, sannan rabin awa ba kwanciya, ba sunkuyo. Ni kuwa dama ƙwannafi tsohon baƙona ne. Ya gargaɗe ni cewa in ƙwayar ta ƙona mini maƙogwaro zai tsayar da ita, sai in zauna jiran ranar da ƙugu zai karye.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Maƙwabciyata Uwani ta ce in sha ruwan kanwa, haka kakarta ke yi. Na tambaye ta ko kakar ta warke. Ta ce a'a, amma ta rasu cikin natsuwa. Surayya mai kawo mana nono daga ruga ta ce kindirmo. Ita ko ciwon ido ka kai mata, kindirmo ne.

To, na haɗiye ƙwayata ke nan, ina tsaye a ƙofar gida kamar turken doki, sai ga jiniya. Mai Girma Uban Almakashi ne ya zo ƙaddamar da fanfon unguwarmu. An ce zai zo Litinin da azahar, ya iso Talata da safe, wato ya yi sammako. Shi da fanfon nan tsoffin abokai ne. Ya ƙaddamar da shi bara, ya ƙaddamar da shi bara waccan, ruwa ne kawai bai taɓa samun damar halarta ba. Jerin motocinsa kuwa sai mu ce madalla. Ko banza 'yan kabu-kabun Konni da suka kwana a layin mai sun ga inda man ya tafi.

Mata suka zube ƙasa kamar an sassabe su. Ni ina tsaye. Uwani ta riƙa jan bakin zanena.

"Malama, ki ruhwa muna asiri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Uwani, wanda ya yi karin maganar nan bai san ƙwannafi ba."

Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, na durƙusa wa manya iri-iri, ban ga abin da ya tsiro a wurin ba. Amma ran nan, wallahi, ba jarumta ba ce. Maƙogwarona nake karewa.

Mai Girma ya hango ni, almakashin yanke ƙyallen ƙaddamarwa ya tsaya a hannunsa. Ya tako har gabana, ya rage murya.

"Hajiya, wa ya sa ki?"

"Likita, ranka ya daɗe."

Ya juya ya tambayi mutanensa ko likitan nan ɗan wane ɓangare ne. Babu wanda ya sani, sai hankalinsa ya ƙara tashi. Ya roƙe ni kada maganar ta kai gidan rediyo, ya ce abin da ya shafi ruwa ai na cikin gida ne. Na ce masa to, domin rabin awata ba ta cika ba, kuma yawan magana na tayar mini da ƙwannafi.

Washegari ma'aikata suka zo da bututu na gaske. Yanzu fanfon na zubar da ruwa. Launinsa kamar kunun tsamiya, amma ruwa ne, a yaba wa Mai Girma. Maƙogwarona lafiya lau, likita ya ce in ci gaba da magani.

Jiya kuma Uwani ta shigo da 'yar kunyarta, tana tambaya ko zan iya mayar da ranar shan ƙwayata Alhamis. Wai ranar ce Mai Girma zai zo duba hanya.