Lambobi a Hannun Amarya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar ƙunshin Rashida ba, ranar da na zubar da mutuncina da hannuna a gaban matan unguwar Maamobi.

A shekarar ina shirin jarrabawar shiga makarantar likitancin haƙori. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunayen sinadarai. Za a ba ki zanen sarƙar kabon mai lanƙwashe-lanƙwashe, ki nemo jerin da ya fi tsawo, ki sa masa lamba daga gefen da ya fi kusa da reshe, sannan ki raɗa masa suna. (Har yau ban gano abin da ya haɗa wannan da cire haƙori ba.) Na kulle kaina a ɗakinmu na unguwar Nima wata da watanni. Suna ban je ba, biki ban je ba. Da farko ƙawaye suna ƙwanƙwasa mini taga, daga baya suka gaji. Rashida kaɗai ta rage, ƙawata tun muna makarantar allo. Ita ce mai kawo mini koko da ƙosai, ta zauna a bakin ƙofa ta yi ta zuba, ni kuwa kaina na kan takarda.

Da aurenta ya tashi, za a kai ta Kumasi, sai ta ce ni zan zana mata lalle, don kafin boko ya haɗiye ni, ni gwana ce. "Ba na son kowa koraa, sam-sam, kai za ka yi mini," in ji ta. (Mu a zango, mace da namiji duk "kai" ne.)

Na isa tsakar gidansu bayan la'asar, ya cika maƙil da mata. "Ei, Dokta ya fito!" suka ce, suka yi dariya, suka koma hirarsu ta mutanen da ban ma san sun yi aure ba. Wallahi kaɗaicin da na ji a tsakiyar taron nan ya fi na ɗakina ciwo. Na sunkuyar da kai, na kama hannun amarya, na fara matsa baƙin lalle. Ina jin tana yi mini magana ƙasa-ƙasa kusa da kunne, amma hankalina ya riga ya gudu wurin da ya saba.

Hajiya Mairo, gwaggon ango, ita ta leƙo. "Wannan wane irin fure ne? Ei, har da lamba! Amarya ne ko motar trotro?"

Na duba. Daga wuyan hannu zuwa yatsa, sarƙar kabon ce kwance, ga reshenta, ga lambobi ɗaya zuwa biyar na jera mata tsaf. Maimakon in yi shiru, bakina ya riga hankalina: "Ai metil-fentan ne."

Gida ya ɗauki shewa. Wata har da faɗowa daga kujera. Aka kawo sabulu, aka kawo lemun tsami, ina! Lalle ya riga ya kama. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Rashida ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Kallona ta yi, idonta ya cicciko. "Me na gaya maka yanzun nan?"

"Ban ji ba," na ce.

"Na sani," ta ce. "Hannuna kawai ka riƙe." Ta zare shi a hankali, ta miƙa wa wata ta rufe ɓarnar da furanni.

Jarrabawa dai na ci. Ranar da sakamako ya fito na daɗe riƙe da waya, ina neman wanda zan kira mu yi ihu tare, ƙarshe mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ta bakin layinmu na gaya wa. Lallen ya goge kafin wata ya zagayo, amma abin da Rashida ta raɗa mini ranar, har yau ban sani ba. Duk sanda na tambaye ta sai ta ce, "Ba komai, ya wuce." Tun daga nan na koyi cewa idan mutum ya miƙo miki hannu, ki fara duban fuskarsa.