Turaren da Na Kai Gidan Surukai

Jama'a, shekaranjiya na kusa rasa Barakatu, yarinyar da na rubuta wa waƙoƙi sun fi talatin. Kuma ba wani mai mota ne ya yi mini ƙafa ba, ɗan ƙulli ne a baƙar leda.

A waya na ga tallan. Wani mai kiran kansa Maiturare ya rubuta: "Turare na musamman, mai kwantar da hankali, sai wanda ya sani." Ni da na ƙoshi da littattafan soyayya, na ce ga tsarabar Hajiya Nana, mahaifiyar Barakatu. Ɗan acaɓa ya kawo mini har ƙofar gida yana ƙyafta ido. Na ɗauka fara'a ce.

Hajiya ta sa albarka, ta zuba a kasko ranar da matan unguwa suka zo mata barka da dawowa daga Umara. Kafin la'asar an cinye abincin dare, wata dattijuwa ta durƙusa tana gaida randa, sai dariya ake yi ba dalili. Dariyar ta yanke lokacin da kakar Barakatu, mai ciwon asma, ta fara shaƙewa. Sai asibiti. Ashe wiwi ce aka yayyafa wa turare da wani abin da Allah kaɗai ya sani.

Ido jawur na garzaya kai ƙara wajen Mai Girma Uban Kwamitoci, shugaban kwamitin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na nan Daura. Ya gyara zaman babbar riga.

"Yaro, ina shagon yake?"

"Ranka ya daɗe, a intanet."

"Intanet ɗin Daura ko na Baure? In na Baure ne, ba hurumina ba ne."

Na miƙa masa lambar mutumin. Ya ce ofis ba data, amma kada in damu, sun yi taron bita na kwana uku a otal kan wannan matsala, har da jaka da hula. Allah ya ƙara basira!

Maƙwabcina Ikrima ya dube ni ya girgiza kai. "Malam mawaƙi, kai da Mai Girma ne kaɗai ba ku san Maiturare ba. 'Yan sakandare ma sun haddace lambarsa."

An sallamo kaka, alhamdulillahi. Yau da safe Barakatu ta turo saƙo: "Baba ya ce ka zo ka yi bayani. Hajiya kuma ta ce don girman Allah ka zo hannu rabbana."

Ku taya ni addu'a. Ina jin ni ne saurayi na farko a Daura da surukai suka roƙe shi ya yi rowa.